Ruwa a Ƙirjin Tsohon Ma'aikaci: Yaushe Za a Sake Ɗaukar Hoto?

Lacca ga tsofaffin ma'aikatan masana'antu da ma'aikatan lafiya na kudancin Kaduna

Na ga fuskokin mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa, na ga na Barnawa da Narayi, har da waɗanda suka taso tun daga Sabon Tasha da Gonin Gora.

Aikina karanta hoton marasa lafiya, kuma a kan wani hoto guda zan yi magana yau: hoton ƙirjin dattijo wanda gefe ɗaya ya yi fari fat saboda ruwa ya taru. A asibitocinmu, da an ɗaga irin wannan hoto, abin da ke fara zuwa zuciyar likita shi ne tarin fuka. Kuma yana da hujja. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kusan rabin miliyan ke kamuwa kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Likitan da bai fara tunanin tarin fuka ba a nan ƙasar, ya yi sakaci. Sai dai akwai wata cuta, nau'in sankara ce da ba a cika gani ba, wadda take zuwa da kamanni iri ɗaya sak: tari, numfashi sama-sama, rama, ciwon haƙarƙari, ruwa a ƙirji. Likitoci na kiranta mesotiliyoma. A duniya duka ana samun kimanin mutum 30,000 da ita a shekara, alhali sankarar huhu da aka saba gani tana kama kusan miliyan 2.5. To me ya sa zan tara ku saboda cuta mai ƙarancin nan? Saboda ba da ka take zaɓen mutane ba. Tana bin waɗanda suka shaƙi ƙurar asbestos, kuma idan aka tambaye ni wane yanki na Arewa ya fi cancanta a sa wa ido, zan nuna wannan gefen kogin Kaduna da muke zaune.

Ku kun fi ni sanin tarihin nan, domin da guminku aka rubuta shi. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. A tsakiyar shekarun 1960 Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, ga masana'antar kayan tsaro ta DICON a 1964, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, ga matatar mai a kan hanyar Kachia a 1980. Tun kafin dukkansu akwai tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction da injinanta masu aiki da tururi. Ban zo ɗora wa wani kamfani laifi ba. Abin da zan faɗa ya shafi zamanin ne baki ɗaya: a waɗancan shekaru, daga Manchesta zuwa Osaka, duk inda ake dafa ruwa a yi tururi, da asbestos aka saba naɗe tukwane da bututai don kada zafi ya fita. Da shi ake yin birki da kuloci na mota, da shi ake yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa. Ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga araha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowa a cikinku ya san sashen da ya yi aiki da abin da hannunsa ya taɓa.

Illar tana cikin zarensa. Idan aka fasa shi, ko aka yanka, ko ya tsufa ya fara gugewa, sai ya saki zare siriri wanda ido ba ya gani. A shaƙe shi ya wuce can ƙasan huhu, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Huhun ɗan'adam yana cikin wani tantani mai ninki biyu, ɗaya manne da huhun, ɗaya manne da haƙarƙari ta ciki, tsakaninsu ɗan ruwa ne kaɗan don santsi lokacin numfashi. A wannan tantani zaren yake zama yana cin wurin a hankali, shekara 20, shekara 30, har 50, kafin sankara ta bayyana. Ku yi lissafin da kanku. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, amma saurayin da ya kama aiki a sashen tururi a 1978 yana da shekara 20, yanzu yana cikin shekarun da cutar ke fitowa. Mai ɗakinsa ma da ta yi shekaru tana kakkaɓe kayan aikinsa kafin ta wanke, ta shaƙi rabonta. Wata likita a Landan, Muriel Newhouse, ta nuna haka tun 1965, lokacin da ta gano cutar a jikin matan ma'aikata da maƙwabtan masana'anta waɗanda ba su taɓa taka ƙofarta ba.

Kada a haɗa wannan da ciwon ƙurar auduga, wanda 'yan sashen kaɗi suka sani, ƙirji ya ɗaure ranar Litinin ya sassauta zuwa ƙarshen mako. Wancan yana wahalarwa, amma ba sankara ba ne. Taba kuma ba ta jawo mesotiliyoma, sai dai idan ta haɗu da asbestos a ƙirji ɗaya tana ninka haɗarin sankarar huhu ta yau da kullum ninki mai yawa.

Yadda aka gano alaƙar cutar da asbestos ya kamata kowane ma'aikacin lafiya a nan ya sani, domin a Afirka aka yi, kuma a asibitin tarin fuka. A shekarun 1950 akwai wani likita, Christopher Sleggs, shugaban asibitin West End a Kimbali ta Afirka ta Kudu. Lokacin sababbin magungunan tarin fuka sun fito, masu ruwa a ƙirji suna warkewa suna komawa gida. Sai ya lura da wani abu: waɗanda aka kawo daga gabashin garin suna samun sauƙi, amma wasu da aka kawo daga yamma, wajen Kuruman inda ake haƙar asbestos mai launin shuɗi, magani ba ya yi musu komai, ruwan sai ƙaruwa har su rasu. Bai ce ƙaddara ce ya rufe fayil ba. Ya haɗa kai da wani likitan binciken nama a Johannasbag, Christopher Wagner, wanda a 1956 ya buɗe gawar wani ma'aikaci da aka ce tarin fuka ya kashe, ya tarar da ƙari ya lulluɓe huhun. A 1960 su biyu da likitan tiyata Paul Marchand suka buga rahoton mutum 33 masu wannan cuta, 32 daga cikinsu sun yi cuɗanya da asbestos, wasu ma ba aikin haƙar suka yi ba, suna yara ne suka yi wasa a kan tarin turɓayarsa. Abin da ya buɗe wannan ƙofa tambaya ce guda: me ya sa wannan majinyaci bai warke ba, alhali na kusa da shi ya warke? Ingila ta haramta asbestos kwata-kwata a 1999, Afirka ta Kudu a 2008, amma har yau Ingila tana binne sama da mutum 2,000 a shekara saboda abin da suka shaƙa tun suna samari.

Yanzu mu zo kan hoton, wanda iri-iri ne, na farko shi ne eksire.

Hoton ƙirji na eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, inuwa ce. Haske yana ratsa jiki daga baya zuwa gaba, iska ta fito baƙa, ƙashi da ruwa da tsoka su fito fari, kuma duk abin da ke gaba da abin da ke baya sun hau kan juna a takarda ɗaya. Sai ruwa ya kai kusan mililita 200 kafin ya nuna a hoton da aka ɗauka mutum yana tsaye, kuma gefe ɗaya na ƙirji yana iya ɗaukar lita 2 ko 3. Da ruwan ya yi yawa, duk abin da ke bayansa ya ɓuya. Ruwan tarin fuka fari ne a hoto, ruwan ciwon zuciya fari, ruwan sankara fari. Duk da haka, mai karatu da natsuwa yana iya tsintar alamu. Ruwa mai yawa a bisa al'ada yana tura zuciya da maƙogwaro zuwa ɗaya gefen. Idan gefen ya cika da ruwa amma zuciya tana nan inda take, ko ma an jawo ta wajen ciwon, haƙarƙarin wajen sun matsu, kafaɗar ta ɗan sauka, to akwai abin da ya ɗaure huhun. Haka nan idan aka ga wasu fararen tabo masu tauri a jikin haƙarƙari ko a kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, a gefe biyu, wannan shaidar tsohuwar cuɗanya da asbestos ce. Su kansu tabon ba sankara ba ne, ba sa kuma komawa sankara, amma suna gaya wa likita inda mutumin nan ya bi a rayuwarsa.

Kwanan nan an kawo ƙananan na'urorin hoto da ake yawo da su unguwa-unguwa, kwamfuta ta karanta ta ba da maki. Alheri ne babba, sun gano dubban masu tarin fuka da ba su san suna da shi ba. Amma don tarin fuka aka horar da su, ba su san mutum ya yi shekara 15 yana gyaran bututun tururi ba.

Na biyu shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ba shi da haske mai illa, ba shi da tsada sosai, kuma ana samunsa kusan ko'ina a garin nan. Idan aka ɗora shi a tsakanin haƙarƙari yana ganin ruwa komai ƙanƙantarsa, yana nuna ko tantanin ya yi kauri ko ya yi ƙulu-ƙulu, yana kuma nuna wa likita daidai inda zai soka allura ba tare da ya taɓa huhu ko hanta ba. A ganina bai kamata a ƙara zuƙe ruwan ƙirji da lalube ba a asibitin da ke da wannan na'ura a ɗakin awon ciki.

Na uku, wanda shi ne ginshiƙin maganar, hoton siti ne. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, ya ƙera na'urar, aka fara gwada ta a kan majinyaciya a Landan a 1971, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1979 da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu. Na'urar tana zagaya jiki tana ɗaukar hoto ta kowace fuska, kwamfuta ta fitar da ƙirjin yanka-yanka kamar burodin mai shayi, a ɗauki kowane yanki a duba shi daban. A nan ruwa ba ya ɓoye komai. Abubuwa huɗu muke nema: tantani ya yi kauri fiye da santimita 1, kaurin ya yi tudu da kwari maimakon ya kwanta sumul, ya zagaye huhun gaba ɗaya, ya kuma hau ɓangaren da ke jikin zuciya. Tarin fuka ma yana kaurara tantani, amma galibi sumul yake yi, kuma bai cika hawa gefen zuciya ba. Idan alamun nan suka taru a ƙirjin dattijon da ya yi aikin masana'anta, sankara ce ke kan gaba har sai an tabbatar da akasin haka. Siti yana kuma nuna ko ƙarin ya ci haƙarƙari, ko ya sauka ciki, ko ƙulolin da ke tsakiyar ƙirji sun kumbura.

Ga abokan aikina, abu biyu ke lalata wannan hoto mai tsada. Na farko, a ɗauke shi babu allurar rini ta jijiya. Ba rini, tantani da ruwa launinsu ɗaya, an kashe kuɗin bawan Allah a banza. A duba lafiyar ƙoda tukuna, a yi allurar, a jira kamar daƙiƙa 60 kafin a ɗauka, lokacin ne tantanin ke shan rinin ya fito fili. Kuma ya fi kyau a ɗauka da sauran ruwa a ƙirjin, kada a zuƙe shi ƙarƙaf. Na biyu, takardar neman hoto. Sau da yawa abin da ke zuwa mana shi ne tari da rama, ana zaton tarin fuka, shi ke nan. Layi ɗaya da zai ce mutumin nan ya yi aikin tukunyar tururi daga shekara kaza zuwa kaza ya isa ya canja yadda zan kalli kowane yanki.

Nakan ji dattawa suna tsoron shiga na'urar, wai haskenta na rage kwana. Gaskiya ne hasken siti ɗaya na ƙirji ya kai na eksire 60 zuwa 70, shi ya sa ba a yin sa don sha'awa, ba a kuma yi wa mai ciki sai dole. Amma ga mai shekara 65 da numfashi ke gagara, haɗarin hasken bai kai ko kusa da haɗarin zama cikin duhu ba.

Akwai wani hoton da ake kira pet, wanda ake sa wa mutum sukari mai ɗan haske a jijiya, duk inda ƙwayoyin jiki ke cin abinci da haɗama ya haska. A tsirarun wurare ake samunsa a ƙasar nan, da tsada ƙwarai. Kada kowa ya sayar da fili saboda shi a matakin farko, domin tarin fuka ma yana haskawa a cikinsa kamar yadda sankara ke yi. Amfaninsa yana zuwa ne bayan an san cutar, ana son sanin iyakar inda ta kai.

Duk kyan hoto, ba shi ke yanke hukunci ba. Hoto yana nuna inda za a je ne, nama ke faɗin gaskiya. Ruwan da aka zuƙo ana aika shi gwaji, amma a wannan cuta kusan kashi biyu cikin uku na gwajin ruwa ba ya nuna komai. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana da kaifi a kan kaki, amma a ruwan ƙirji takan rasa tarin fuka ko da yana nan. Kun ga tarkon: gwajin sankara ya ce babu, gwajin tarin fuka ya ce babu, sai likita ya ce a fara maganin tarin fuka a gani, tunda kyauta ne kuma shi ya fi yawa. Wannan shawara ba laifi ba ce. Laifin shi ne a bar ta ta yi wata 6 ba wanda ya sake dubawa. Hanyar fita ita ce a ɗebo ɗan nama daga tantanin, ko da allura ta musamman wadda sikanin ko siti ke yi wa jagora, ko ta ƙaramar kafa a haƙarƙari da ake zura kyamara. Wannan nama ɗaya yana amsa tambaya biyu, ko tarin fuka ne ko sankara, kuma da rini na musamman likitan binciken nama zai bambance mesotiliyoma da sankarar da ta taso daga huhu ko nono ta bazu zuwa tantani, wadda ma ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Irin wannan aiki na asibitin koyarwa ne, Barau Dikko a tsallaken gada ko asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Aikin asibitocin Gwamna Awan da St. Gerard da ƙananan asibitocin unguwa shi ne su gane da wuri su tura.

Iyayena, ba zan ɓoye muku ba, mesotiliyoma cuta ce mai nauyi. Akasarin masu ita ba sa wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan an gano ta. Maganin da aka fara amfani da shi a 2004, pemetrexed tare da cisplatin, yana ƙara watanni. A 2020 aka amince da wasu allurai biyu masu zaburar da garkuwar jiki, waɗanda a babban gwaji suka kai matsakaicin rayuwa wata 18 maimakon 14, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Wani zai ce to mene ne amfanin sani? Rai na Allah ne, amma amfanin yana da yawa. Mutum zai huta da haɗiyar ƙwayoyin da ke wahalar da hantarsa ba su yi masa komai. Ana iya manne tantanin biyu da wata hoda ta asibiti don ruwan ya daina dawowa, ya samu ya kwanta ya yi barci, ya je masallaci ko coci da ƙafarsa. Za a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi daidai da ciwonsa. Iyali za su daina zargin sammu da maƙiya, su daina kai kuɗin fansho inda ba magani, a daina ware masa kwano da kofi don tsoron ɗaukar cuta, domin sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ga kuma hakki: dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta san da cutar da aiki ya jawo, amma da wuya a saurari iyali ba tare da takardar shaidar cutar ba. Sannan da yawa daga waɗanda za a yi wa siti saboda wannan zato, wata cutar za a tarar, wadda ake iya yi wa magani sosai idan an kama ta da wuri.

Game da silin da kwanon asbestos da ke gidajenmu da makarantu, muddin yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Kada a huda shi, kada a sa masa zarto, kada a share ɓaraguzansa a bushe, a jiƙa da ruwa tukuna, kada kuma a bar yara su yi wasa da fasassun. Bakanike ya daina hure ƙurar birki da baki ko da iska, ya goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Roƙona uku ne. Ga shugabannin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, tunda hedikwatarku tana nan kudancin Kaduna: ku buɗe rajista ta tsofaffin membobi, da sashen da kowa ya yi aiki da shekarunsa, tun masu iya tunawa suna raye. Ga ma'aikatan asibiti: duk wanda ya haura shekara 50 ya zo da ruwa a gefe ɗaya na ƙirji, ku tambaye shi aikin da ya yi tun yana saurayi, ku tambayi mace aikin mijinta da na mahaifinta. Ga iyayena da 'ya'yansu: duk tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi da kansa. Amma idan an cika wata 2 ana sha ba fashi, nauyi bai ƙaru ba, ciwon haƙarƙari yana hana barci, ko an zuƙe ruwa ya sake taruwa, ku tattara tsofaffin hotunan duka, ku rubuta wuraren da Baba ya yi aiki a takarda, ku koma wurin likita ku ce kuna son a duba yiwuwar hoton siti da gwajin nama. Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu.